Suna Linzami Ne: Tunani a Kan Masu Rarraba Dabbobi

A ƙasar Hausa ba kowa ke raɗa wa jariri suna ba. Baƙon da ya biyo hanya ya tarar ana taron suna, za a ba shi goro, a ba shi abinci, amma ba mai tambayarsa sunan da za a sa wa yaro. Uba ne ke zaɓa, ko kaka, ko wani babba cikin dangi, wato waɗanda cin yaron da shansa da tarbiyyarsa za su rataya a wuyansu. A wurin mutanenmu, wanda ya sa suna ya ɗauki nawaya ke nan.

To, akwai waɗansu masana a duniya waɗanda aikinsu shi ne sa wa dabbobi suna. Sukan kama ƙwaro, ko kifi, ko maciji, su auna shi, su ƙidaya haƙoransa ko ɓawon jikinsa, su gwada shi da waɗanda suka yi kama da shi. Sa'an nan su rubuta kamanninsa, su ba shi suna da harshen Latin, su nuna gidan da ya dace da shi a cikin sauran halitta. Zuwa yanzu sun rubuta irin dabbobi wajen miliyan ɗaya da rabi, mafi yawansu ƙwari ne, kowace shekara kuma ana ƙara dubbai a kai. Tambayar da za mu duba ita ce: wa ya ba ɗan Adam wannan izini, kuma wane hakki ke hawa kansa sa'ad da ya kira wata halitta da suna?

Aikin da aka fara ba Adamu

Littafin Farawa ya nuna mana cewa Allah ya kawo dabbobi da tsuntsaye gaban Adamu don ya ga yadda zai kira su, sunan da Adamu ya zaɓa kuwa shi ya zauna (Farawa 2:19-20). Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na fari, Allah da kansa ya sa wa yini da dare da sarari da ƙasa da teku suna (Farawa 1:5-10), amma da aka zo kan dabbobi sai ya bar wa mutum. Ba don ya rasa sunayen ba ne, gama shi ya yi su. Yana so mutum ya tsaya, ya duba, ya bambance wannan da wancan, domin ba ka iya sa wa abu suna mai ma'ana sai ka dube shi da kyau. Na biyu, kafin a ba Adamu wannan aiki an riga an sa shi a gonar don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Kiyayewa ta riga sa suna zuwa. Mai gona ne aka ce ya san abin da ke cikin gonarsa, tun da shi za a tambaya in wani abu ya ɓace.

Wannan ilimi bai tsaya a kan Adamu ba. Da marubucin Littafin Sarakuna yake lissafta hikimar Sulemanu, bai tsaya ga shari'a da karin magana kaɗai ba, ya ce sarkin ya yi bayani a kan itatuwa, da dabbobi, da tsuntsaye, da masu jan ciki, da kifaye (1 Sarakuna 4:33). Ashe sanin halitta reshe ne na hikima tun zamanin dā.

Kama da wane ba ta wane

Kowace al'umma tana da hanyarta ta rarraba dabbobi. Mu mukan raba su bisa ga zamanmu da su: na gida da na dawa, waɗanda ake ci da waɗanda ba a ci, masu cuta da marasa cuta. In kuma muka ga dabbar da ba mu saba da ita ba, sai mu ara mata sunan wadda muka sani. Da kakanninmu suka ga wata doguwar dabba mai dogon wuya tana cin ganyen gawo, sai suka ce raƙumin dawa ne. Helenawa da Romawa ma haka suka yi, suka haɗa mata sunan raƙumi da na damisa, saboda wuyanta da kuma dabbare-dabbaren jikinta. Sunan nan nasu, camelopardalis, yana nan har yau cikin littattafan masana. Amma in aka bi ƙasusuwa da kofato da tumbi, raƙumin dawa ya fi kusa da saniya da barewa fiye da raƙumi, da damisa kuwa ba abin da ya haɗa su sai launin fata. Gaskiyar Hausawa ce, kama da wane ba ta wane.

Mutumin da ya tsara hanyar da masana ke bi yau shi ne Karl Liniyus, ɗan wani fasto a ƙasar Suwidin, an haife shi a 1707. A 1735 ya buga wani ɗan littafi mai 'yan shafuffuka, inda ya jera dabbobi da tsire-tsire da duwatsu rukuni rukuni. Ya yi ta gyara shi yana ƙarawa, har bugu na 10 ya fito a 1758 ɗauke da irin dabbobi fiye da 4,000. A nan ne ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu, ta farko sunan danginta, ta biyu kuma sunanta na kanta, kamar yadda mukan haɗa sunan mutum da na gidansu. Zaki da damisa dangi ɗaya ne a lissafin yau, don haka ana kiransu Panthera leo da Panthera pardus. Dangi da yawa sukan taru su zama gida, gidaje su zama unguwa, a yi ta hawa har a kai ga dukan dabbobi. Masana sun amince cewa daga ranar 1 ga Janairu 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi, kuma sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne ke da gaba.

Abin koyi a wurin mutumin nan shi ne yadda ya yarda gani ya kori ji. A bugunsa na farko ya sa ayu cikin kifaye, tun da a ruwa yake zaune. Amma ayu yana shaƙar iska, yana haihuwa, yana ba ɗansa nono. Saboda haka a 1758 Liniyus ya fitar da shi daga cikin kifaye, ya kai shi cikin masu shayarwa, kusa da giwa. Binciken ƙwayoyin gado na zamaninmu ya nuna lalle ayu na kogin Kwara da Binuwai ya fi kusa da giwa fiye da kowane kifi, kuma na ukunsu shi ne ɗan rema mai zama a kogon dutse. Masana suna bayyana irin wannan kusanci da cewa daga kaka ɗaya suka fito, bisa ga koyarwar da Darwin ya shahara da ita tun 1859. Masu bi ba su zama baki ɗaya a kan yadda za a karanta wannan tare da surorin farko na Farawa ba, muhawara ce mai zaman kanta. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wa zai dubi rema a kan dutse ya ce ɗan'uwan giwa ne? Halitta ta fi idonmu zurfi, mai sa suna kuwa dole ya yi haƙuri ya duba sau biyu.

Wani zai ce, to, ai Littafin Firistoci ya jera jemage a ƙarshen tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci (Firistoci 11:13-19), masana kuwa sun ce jemage ba tsuntsu ba ne, gama yana da gashi da haƙora, yana kuma shayarwa. Wa ya yi daidai? Kowane jeri yana amsa tambayarsa. Musa yana koya wa jama'a abin da za su ci da abin da za su bari, don haka ya tara masu tashi sama wuri ɗaya, yadda mai kiwo da matar gida za su gane nan da nan. Masani kuwa yana neman yadda aka gina jikin dabbar. Mai tallan hatsi yakan raba kayansa bisa ga kuɗi, manomi bisa ga lokacin shuka, ba kuwa wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kuskure yana shigowa ne in aka ɗauki jerin da aka yi don wata bukata aka tilasta masa amsa wata.

Mai ciwo ba ya jiran muhawara

Akwai wanda zai ce wannan duka aikin masu ƙoshi ne. Ƙasa tana fama da yunwa da zazzaɓi, wani kuwa ya zauna yana ƙidayar ɓawon maciji? Tambayar tana da nauyi, bari mu amsa ta da macijin kansa.

Manoma da makiyaya daga arewacin Gana har zuwa Cadi sun san kububuwa. 'Yar ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa, wanda ta sara yakan yi ta zubar da jini ta dasashi da ta rauni har kwanaki. Shekaru da yawa masana sun ɗauka iri ɗaya ce da wata mai kama da ita a Indiya, Echis carinatus. A 1970 wani masani mai suna Stemmler ya rubuta bambancin ta Afirka ta Yamma, ya kira ta ocellatus saboda ɗige-ɗigen da ke gefen jikinta masu kama da idanu, daga baya kuma aka yarda iri ce mai zaman kanta.

Ga inda maganar ta taɓa rai. Maganin dafi ana yinsa ne ta wurin yi wa doki allurar dafin maciji kaɗan kaɗan, har jininsa ya koyi yaƙi da dafin, sa'an nan a ɗebi jinin a tace. Maganin da aka yi da dafin wani iri ba lalle ya yi aiki a kan dafin wani ba, ko da macizan sun yi kama. A wani asibitin karkara a tsakiyar Gana, sa'ad da aka canza maganin da aka saba da wani wanda aka yi a Indiya, masu mutuwa da saran kububuwa suka tashi daga kusan 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Likitocin sun buga wannan rahoto a 2008. Iyaye ne da 'ya'ya suka mutu, waɗanda da maganin ya dace da macijin da sun koma gonakinsu. Wanda ya zauna ya ƙidaya ɓawon maciji har ya raba iri biyu, hidimar maƙwabcinsa ya yi, ko da bai taɓa ganin fuskar maƙwabcin ba.

Raƙumin dawa na Kure

Bari mu koma ga raƙumin dawa, gama labarinsa ya nuna hakkin da suna ke jawowa. A dā yana yawo daga Senegal har gaɓar tafkin Cadi. A 1898 wani masani a Landan, Oldfield Thomas, ya duba ƙoƙon kai da ƙasusuwan ƙafa na wani da aka harbe kusa da Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya sa masa suna peralta, wato mai tsawo ƙwarai. Bindiga da fari da saran daji suka yi ta cinsa, ya ƙare a Nijeriya, ya ƙare a Senegal da Mali. A 1996 da aka ƙidaya, saura 49 kaɗai, dukansu a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai.

Duk da haka waɗansu suna ganin ba a kai ga gaɓar rami ba, domin gidajen ajiye namun daji na Faransa suna da raƙuman dawa waɗanda aka rubuta musu peralta a allo. In na daji sun ƙare, ai akwai iri a ajiye. Sai a 2007 masu binciken ƙwayoyin gado suka gano cewa waɗancan na Turai ba su ba ne, na wajen Cadi da Kamaru ne, waɗanda ake kira na Kordofan. Gyaran suna ɗaya ya nuna cewa garken Kure ba shi da na biyu a duk duniya. A 2008 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin masu babban haɗari. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana farautarsa, mutanen ƙauyuka suka zama masu gadi da masu yi wa baƙi jagora. Garken ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka daɗe ba a ga irinsu ba.

Kada mu ɓoye tsadar abin. Raƙuman nan ba cikin shinge suke ba, cikin gonakin talakawa suke kiwo. Sukan ci wake, su ci mangwaro, manomin da ya yi asara kuwa sunan Latin ba ya cika masa rumbu. In duniya ta ce dabbar nan dukiyar kowa ce, bai kamata a bar manomin Kure shi kaɗai ya biya kuɗin kiwonta ba. Wanda ya sa suna, da wanda ya yi murna da sunan, su ma su sa hannu a aljihu. Adalci ga dabba da ya zama zalunci ga maƙwabci bai cika ba tukuna.

Akwai kuma darasi na tawali'u a nan. Shekaru masu yawa an koyar cewa raƙumin dawa iri ɗaya ne a duk Afirka. A 2016 waɗansu masana suka ce iri 4 ne, aka yi ta gardama, sai a watan Agusta 2025 masanan IUCN suka amince da 4 ɗin. Dabbar ba ta canza ba, tana nan tana cin ganyen gawo kamar jiya. Saninmu ne ya gyaru, zai kuma sake gyaruwa. Akwatunan da muke jera halitta a ciki mu muka ƙera su, dole kuwa mu riƙe su da sassauci.

Inda girmankai ke shiga

Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzami kuwa ana iya bi da doki zuwa ruwa da shi, ana kuma iya yaga masa baki. Haka ikon sa suna yake.

Raƙumin dawa yana da ɗan'uwa guda a raye, yana zaune a kurmin Kwango, gajere ne, mai zane a ƙafafu kamar jakin dawa. Littattafai sukan ce an gano shi a 1901. Wa ya gano shi? Mazauna kurmin sun san shi tun kaka da kakanni, suna farautarsa, suna da sunansa, daga bakinsu ma Baturen mulkin mallaka Harry Johnston ya ji labarinsa. Sunan da aka ba dabbar shi ne Okapia johnstoni. Kalmar farko daga harshen mutanen kurmin aka ɗauko ta, ta biyu kuwa sunan Baturen ce. Waɗanda suka nuna hanya ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin dabbar ba. Bugu da ƙari, ƙa'ida ta ce a ajiye jikin dabbar da aka fara rubutawa ya zama abin gwaji ga na baya, mafi yawan na Afirka kuwa suna Landan da Paris da Berlin. Ɗalibi daga Yamai ko Garwa da yake so ya gwada abin da ya kama a bayan gidansu sau da yawa sai ya nemi biza.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A 1937 wani mai tara ƙwari ya rubuta wani ɗan ƙwaro makaho da ke zaune cikin kogunan dutse na Sulobeniya, ya sa masa suna Anophthalmus hitleri, don girmama Hitila. Ƙwaron bai san hawa ba bai san sauka ba, amma yana ɗauke da sunan mai kisan miliyoyin mutane, har masu sha'awar kayan Hitila suna bin sa suna kamawa. An yi ta kira a canza sunan. A 2023 hukumar da ke kula da ƙa'idar sunayen dabbobi ta ce ba za ta riƙa canza sunaye saboda halin mutanen da aka ambata ba, gama in aka buɗe wannan ƙofa sunaye za su riƙa juyawa da iskar kowane zamani, likita da manomi su rasa abin riƙewa. Hujjar tana da ƙarfi, mun ga abin da rikicewar suna ta yi a labarin kububuwa. Amma hujjar ta ƙara wa mai sa suna nauyi ne. Tun da abin da ka rubuta ba ya gogewa, sai ka ji tsoron abin da za ka rubuta.

Sa'ad da aka juya ma'auni a kan mutum

Babbar ɓarna ta zo ne sa'ad da aka ɗauki ma'aunin dabbobi aka ɗora wa 'yan Adam. Liniyus ya sa mutum cikin jerinsa, ya kira shi Homo sapiens, wato mutum mai hankali, ya kuma tsaya a kan cewa dukan mutane iri ɗaya ne. Wannan ya yi daidai. Amma a bugun 1758 ya raba mutane kashi huɗu bisa ga nahiya da launi, ya liƙa wa kowane kashi hali. Ya ba Bature kaifin basira da bin doka, ya ba baƙin mutum lalaci da wayo da bin son zuciya. Ƙwaro da fure ya auna su da idonsa, Afirka kuwa bai taɓa taka ta ba. Labaran matafiya ya tattara, a zamanin da jiragen bayi ke kai da kawowa a teku, ya sa musu rigar ilimi. Mutumin da ya fitar da ayu daga cikin kifaye saboda ya duba da kyau, da ya zo kan ɗan'uwansa sai ya bar ji ya kori gani.

Na bayansa suka ɗora a kai, suna auna ƙoƙon kai, suna jera kabilu daga sama zuwa ƙasa. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a watan Satumba 1906, sa'ad da aka sa wani saurayi ɗan Kwango mai suna Ota Benga cikin ɗakin birai a gidan ajiye namun daji na Bronx a birnin New York, jama'a suna tururuwa suna kallo. Fastocin baƙaƙen fata na birnin, cikinsu har da James Gordon, su ne suka tashi suka ƙi, har aka fitar da shi. Bai sami komawa gida ba, ya kashe kansa a 1916. Sai a 2020 masu gidan suka nemi gafara a fili. Ilimin yau ya rushe wancan jeri gaba ɗaya. Ƙwayoyin gadon kowane mutum biyu a duniya sun yi daidai da juna wajen kashi 99.9 cikin 100, bambancin da ke tsakanin mutanen Afirka su da kansu ma ya fi na kowace nahiya yawa. Bulus ya riga ya faɗa wa mutanen Atina cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai (Ayyukan Manzanni 17:26).

Mu sake duban Adamu. Bayan da ya gama sa wa dabbobi suna, bai sami mataimaki da ya dace da shi a cikinsu ba. Aikin sa suna ya koya masa inda iyaka take. Da aka kawo masa macen bai auna ta ba, bai nema mata rukuni cikin dabbobi ba, ya gane ƙashinsa da namansa ne (Farawa 2:20-23). A gaban ɗan Adam, abin da aka nema a gare mu shi ne mu gane ɗan'uwa.

'Yan'uwa, kada mu yi saurin nuna Turawan dā da yatsa, gama mu ma muna da namu jerin. Mukan ce kabila kaza mayaudara ne, kabila kaza ba su da kunya, gidan kaza maƙera ne, gidan kaza asalinsu bayi ne. Sau nawa aka hana aure tsakanin masu bi biyu, masu cin jibin Ubangiji a teburi ɗaya, don an tono asalin kakan ɗayansu? Wanda ya yanke wa mutum hukunci bisa ga akwatin da ya jefa shi, tun bai zauna da shi ba, ya yi abin da Liniyus ya yi wa baƙin mutum, ba shi ma da uzurin nisa.

Makiyayi da dillali

Mutum biyu sukan san shanu a kasuwa. Dillali ya san su, da kallo ɗaya zai faɗi irin saniya da shekarunta da kuɗinta. Bafulatani makiyayi ma ya san su, yana kiran kowace da sunanta, ya san uwarta, ya san wadda ke ɗingishi, in ɗaya ta ɓace ba ya barci. Dukansu masana ne, amma sanin ɗaya yana ƙarewa in an biya la'ada. Da Yesu ya so ya kwatanta kansa, makiyayin da ke kiran tumakinsa da suna ya zaɓa (Yahaya 10:3), ya kuma ce ko ɗan tsuntsun da ake sayarwa a bakin kobo ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba (Matiyu 10:29).

Ga amsar tambayarmu ke nan. Izinin sa suna an ba mu shi, aiki ne mai daraja, yaron da ya nuna sha'awarsa kuwa ya kamata iyaye da ikilisiya su ƙarfafa shi, gama ƙasashenmu suna bukatar masanan da za su rubuta kifayen tafkin Cadi da ƙwarin gonakinmu da hannunsu. Amma izinin ya zo da sharuɗɗa: a duba da gaskiya, a karɓi gyara, a ambaci waɗanda suka nuna hanya, a kiyaye abin da aka sa wa suna. Masana sun kiyasta cewa halittun da ba a rubuta ba tukuna sun ninka waɗanda aka rubuta, da yawa kuma suna ƙarewa tun ba a san da su ba.

Akwai aikin da kowa zai iya farawa ba tare da Latin ba. Tsofaffinmu, maharba da masunta da makiyaya, suna riƙe da sunayen tsuntsaye da kifaye da namun daji waɗanda jikokinsu ba su taɓa ji ba. A zauna da su, a rubuta sunayen, a tambaye su wanne ne har yanzu ake gani, wanne ne kuma aka daina gani, tun yaushe. Wanda aka daina gani, sai mu tambayi kanmu a hannun wa ya ɓace.